Mai Barci Ba Ya Shaidar Kansa

Wannan lacca ce a kan cututtukan barci da wani likitan ƙirji da numfashi ya gabatar a ɗakin taron wani asibiti, gaban malaman jinya da ɗaliban likitanci da jama'ar gari. An rubuto ta ne daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu da ke zaune a nan gaba, malaman jinya, ɗalibai, barkanmu da war haka.

Zan fara da wani bawan Allah, ɗan kasuwar hatsi, mai shekara hamsin da 'yan kai. Hawan jini ya kawo shi wurina. Magani kala uku yake sha, kuma yana sha kamar yadda aka ce, amma jinin ya ƙi sauka. Sau huɗu yana zuwa ina ƙara masa ƙwaya, ina yi masa faɗan gishiri. A zuwa na biyar uwargidansa ta rako shi. Na ce, "Alhaji, yaya barci?" Ya ce, "Likita, ai barci lafiya lau. Da na sa kai sai in tafi. Ko huɗuba ake yi ran Juma'a sai na yi da gaske." Sai na ga Hajiya ta gyara mayafi ta dubi ƙasa. Na ce, "Hajiya, da magana?" Ta ce, "Likita, ni dai ranar girkina ba na runtsawa. Minsharinsa har tsakar gida ake ji. Can kuma sai ya yi ɗif, shiru, kamar rai ya fita. Sai na zungure shi, sannan ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya."

Wannan magana tata ta fi duk gwajin da na yi masa a zuwa huɗu amfani. Har yau abin yana damuna, don tambaya ce ta minti ɗaya da ban yi ba.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, a cututtukan barci karin maganar ba ta cika kamawa ba, domin lokacin da ɗakin ke yoyo mai ɗakin ba ya cikin hayyacinsa. Wanda ke kwance kusa da shi, ko wadda ke ɗakin da ke jikin nasa, su ne suka san inda ruwan ke zuba. Duk abin da zan faɗa yau, daga tambayoyi har zuwa na'urori masu tsada, neman shaida ne a kan abin da ya faru da mutum cikin dare.

Kafin in yi nisa bari in raba abu biyu, don na ga dattawa a nan. In aka ce ciwon barci, su abin da suka sani shi ne wanda ƙudan tsando ke kawowa, wanda ya addabi ƙasar Anchau a zamanin Turawa har aka tashi mutane aka gina musu sabon gari mai suna Takalafiya. Wancan ƙwayar cuta ce a cikin jini, maganinsa daban. Yau muna magana ne a kan barcin kansa idan ya lalace.

Me ya sami Alhaji? Idan mutum ya yi barci, duk naman jikinsa yana saki, har da na maƙogwaro da harshe. Ga yawancinmu hanyar iska tana ɗan tsukewa, shi ke nan. Amma wanda wuyansa ya yi kauri, ko harshensa babba ne, ko haɓarsa ta ja baya, hanyar takan rufe ruf. Ƙirji yana ja, ciki yana ja, iska ba ta shiga. In wannan ya kai sakan 10 ko fiye, mukan ƙirga shi a matsayin ɗaukewar numfashi guda. Iskar oksijin da ke jinin mai lafiya tana tsakanin kashi 95 zuwa 100. A irin wannan hali sai ta gangaro zuwa 80 da wani abu, wani ma har 70. Ƙwaƙwalwa sai ta firgita, ta tashe shi na ɗan ƙiftawar ido, ya buɗe maƙogwaro da wannan gurnanin da Hajiya ta ji, ya koma barci. Da safe bai san an yi ba.

Yanzu ku ƙaddara hakan na faruwa sau 30 ko 40 a kowace awa. A duk lokacin zuciya na bugawa da sauri, jijiyoyin jini na matsewa. Mutumin ya kwanta awa takwas, amma jikinsa kokawa ya kwana yi. Daga nan hawan jini mai taurin kai ke samo asali, da bugun zuciya marar tsari, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa, mai ciwon suga kuma sugansa ya ƙi daidaita. Sai ciwon kai da sassafe, bushewar baki, tashi fitsari sau uku sau huɗu, saurin fushi, mantuwa, da raunin mazakuta wanda maza ba sa faɗa sai an tambaye su a keɓe. Mu kuma a gari sai mu ce Alhaji ya ji daɗi, ƙiba ta zo, barcin masu hali yake yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali direbobi ne. Mutum ya ɗauko mutum goma sha takwas daga Kano zuwa Abuja, ko tirela daga Legas zuwa Maiduguri, alhali tun shekara biyar bai yi barcin kirki ba. Gyangyaɗin sakan uku a kan gudun kilomita 100 a awa, mota ta ci fiye da mita 80 babu mai tuƙa ta. Goro da shayi da abubuwan sha masu sa kuzari ba sa biyan bashin barci. Barci ɓarawo ne, kowa ya san wannan.

To, a asibiti ta ina muke farawa? Ɗalibai, ku rubuta wannan. Da tambaya muke farawa, kuma a ce wa mutum ya zo da wanda ke ganin barcinsa. A gidajenmu akwai ladabi a nan. Mace ba za ta so ta tona asirin mijinta gaban baƙo ba, sai ka nuna mata cewa taimakonsa take yi. Inda mata biyu ne ko uku, kowacce ta san daren da ta gani. In maigida shi kaɗai yake kwana a turakarsa, sai mu roƙa a ɗauki minti biyar na barcinsa da waya, hoto da murya, can wajen ƙarfe biyu na dare. Na sha gano ciwo daga irin wannan ɗan bidiyo.

Akwai tambayoyi guda takwas da likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada suka tsara a 2008, tun asali don tantance waɗanda za a yi wa tiyata. Yana minshari mai ƙarfi? Yana jin gajiya ko barci da rana? An taɓa ganin numfashinsa ya ɗauke? Yana da hawan jini? Ƙibarsa ta wuce 35 a ma'aunin nauyi da tsayi? Ya haura shekara 50? Kaurin wuyansa ya wuce santimita 40? Namiji ne? Wanda ya ce e a uku, a sa masa ido. Wanda ya kai biyar, ya kamata a gwada shi. Ku lura, babu abin da ake buƙata a nan sai tef irin na tela, da sikeli, da abin auna jini. Kowane ƙaramin asibiti a ƙauye yana iya yin wannan. Akwai kuma wani ma'auni da Murray Johns ya fito da shi a Melbon a 1991, inda ake tambayar mutum yadda yake gyangyaɗi a yanayi takwas, kamar zama a taro ko cikin mota, a ba kowanne maki daga sifili zuwa 3. Wanda ya haura 10 cikin 24, barcinsa na rana ya wuce ƙima.

Sai gwajin barci na dare guda, wanda shi ne babban mai shaida. Mutum zai zo da daddare, ya ci abincinsa, ya yi sallarsa, a ba shi ɗaki shi kaɗai. A manna masa wayoyi a fatar kai don karanta aikin ƙwaƙwalwa, biyu a gefen idanu, wasu a haɓa, wasu a ƙirji don zuciya, wasu a ƙwauri. A sa ɗan siririn bututu a ƙofar hanci mai jin shigar iska da fitarta, a ɗaura ɗamara a ƙirji da ciki, a maƙala abin auna oksijin a yatsa. Babu allura, babu wutar da ke shiga jiki. Ina nanata wannan saboda na ga masu gudu da suka ga wayoyi. Ma'aikaci na ɗaki na gaba yana kallo har gari ya waye.

Kowace waya da dalilinta. Na kai da na ido su ne ke gaya mana ko mutum barci yake ko idonsa biyu, da kuma matakin da ya kai. A 1953 ne Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, a Jami'ar Shikago, suka nuna cewa akwai wani mataki na barci da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, kuma a nan aka fi yin mafarki. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A matakin mafarkin nan jiki ya fi sakewa, don haka a nan numfashi ya fi ɗaukewa. Da safe sai a ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a kowace awa ta barci. Ƙasa da 5 lafiya ne. Daga 5 zuwa 15 ƙarami, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani.

Gaskiya ɗakunan wannan gwaji kaɗan ne a ƙasarmu, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Amma akwai ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya tafi da ita gida, mai auna iska da oksijin da motsin ƙirji. In ma babu ita, abin auna oksijin na yatsa mai ajiye bayanin dare yana ba da haske sosai. Rashin babban ɗaki bai zama hujjar mu sallami mutum da ƙwaya ba.

Magani kuwa, labarinsa yana burge ni. Kafin 1980, wanda ciwonsa ya tsananta sai a huda masa maƙogwaro ta gaban wuya, a sa bututu ya riƙa numfashi ta nan. A shekarar ne wani likita mai suna Colin Sullivan, a wani asibiti a birnin Sidni na Ostireliya, ya sami majinyacin da ya ce shi ba za a huda masa wuya ba. Sai Sullivan ya haɗa injin hura iska da bututu da abin rufe hanci, ya riƙa ƙara ƙarfin iskar a hankali har numfashin ya daina ɗaukewa. Mutumin ya yi barcin da ya shekara da shekaru bai yi ba. A 1981 aka wallafa sakamakon a kan mutum biyar. Wannan ita ce na'urar da muke kira sifaf. Ba oksijin take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take turawa da ɗan ƙarfi, ta riƙe maƙogwaro a buɗe kamar yadda iska ke riƙe tayar keke.

Amma mu nan sai mun yi maganar wuta. Na'urar da za ta yi aiki tun daga kwanciya har asuba, idan aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya fa? Kafin in ce wa mutum ya saya, sai na tambaye shi yana da sola ko batir da inbata. In janareta ne, ya kasance a waje nesa da taga, don hayaƙinsa yana kashe gida guda cikin barci. Sai ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatar na'urar, dole a riƙa dubawa. Sai kunya. Wani zai ce, "Likita, yaya zan kwanta gaban iyali da takunkumi a fuska?" Shi ya sa nake koya wa miji da mata tare. Makonnin farko su ne masu wuya. A gwada abin hancin da rana, a canja shi in yana matsa, a dawo asibiti bayan sati biyu. Na'urar da aka ajiye a ƙarƙashin gado ba ta warkar da kowa.

Wanda ba shi da hali fa? Yana da abin yi. Wani bincike mai tsawo da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage ɗaukewar numfashi da wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Mai kilo 100 ya sauke 10. Kwanciya a gefe tana taimakon mutane da yawa, domin a rigingine ne harshe ke faɗawa baya, kuma kwanciya a gefen dama da ma sunna ce da muka sani. A yi maganin toshewar hanci, a bar taba. Likitan haƙori na iya yin wani abu da ake sawa a baki da dare, mai turo haɓa gaba.

Malaman jinya, ga taku. Idan mai irin wannan ciwo ya kwanta a ɗakinku, musamman bayan tiyata, allurar kashe zafi mai ƙarfi da maganin sa barci suna danne wannan firgitar da ke ceton ransa. Ku ɗaga kan gadonsa, ku bar abin auna oksijin a yatsansa, ku sa shi inda idonku ke kaiwa. In kun ji minshari ya yanke ɗif, kada ku ce ya samu sauƙi. Ku je ku duba. Ku ne kuke farke ƙarfe uku na dare, mu likitoci da safe muke zagaye. Ku rubuta abin da kuka gani a fayil.

Na daɗe a kan wannan. Bari in juya ga ɗaya gefen, wato masu neman barci ya ƙi zuwa. Su ne suka fi yawa. Muna kiran rashin barci ciwo idan ya kai dare uku a mako, har wata uku, kuma yana ɓata wa mutum yininsa. Abin da aka saba shi ne a je kemis a sayi baliyam ko Piriton, matasa kuma su faɗa wa kodin, wanda gwamnati ta haramta maganin tarinsa a 2018, ko tiramadol. A nan nake roƙonku. Ƙwayar barci ga wanda numfashinsa ke ɗaukewa haɗari ce babba. Ga tsoho kuma tana kawo faɗuwa da karaya da ruɗewa. Ga kowa, jiki yana sabawa cikin 'yan makonni, ɗaya ta zama biyu. Wanda ya daɗe yana shan baliyam kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga, sai a rage masa sannu-sannu a hannun likita.

Rashin barci sau da yawa ɗan aike ne. Wanda ke farkawa yana haki sai ya tashi zaune, a duba zuciyarsa. Mai tari da shaƙewa kafin asuba, a duba asma. Tsoho mai yawan fitsari, a duba mafitsara da suga. Wadda ke farkawa ƙarfe uku ta kasa komawa, abinci ya fita ranta, ba ta jin daɗin komai, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Sai goro. Sinadarin da ke cikinsa shi ne na kofi da shayi, kuma bayan awa biyar rabinsa na nan a jini. Baba ya ci goro bayan isha'i, ya sha shayi mai kauri, sannan ya ce barci ya guje shi.

In an kawar da waɗannan, maganin farko horo ne. Tun 2016 ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta sa shi gaba da ƙwaya. Mutum zai yi mako biyu yana rubuta lokacin kwanciya da na tashi. Sai a tsayar masa da lokacin tashi guda, kullum, ko ya yi barci ko bai yi ba. Mu asuba ta riga ta yi mana wannan. Kada ya hau gado sai barci ya zo. In ya yi kamar minti 20 yana juyi, ya sauka ya zauna a wuri mai ƙarancin haske, ya yi tasbihi ko karatu, ba waya ba, sai barci ya dawo. A rage masa awannin kwanciya su yi daidai da barcin da yake samu, sannan a riƙa ƙarawa. Ƙailula ta zama gajera, kuma kada ta kai la'asar. Zama huɗu zuwa takwas ake yi. Yana da wuya a makon farko, amma amfaninsa yana zama bayan an gama, abin da ƙwaya ba ta yi.

Biyu zan ambata a gurguje. Akwai masu jin wani abu na yawo cikin ƙafafu da an kwanta, sai sun motsa ko sun taka. Ya fi kama masu juna biyu da masu ciwon ƙoda, kuma sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jiki. Gwajin jini ake yi, a ba da maganin ƙarin jini, Piriton kuwa ƙara shi yake yi. Akwai kuma matashin da barci ke yi wa farmaki ko'ina, a aji ko kan abinci, in ya yi dariya gwiwoyinsa su saki ya zube alhali yana jin komai. A gida a ce farfaɗiya ce ko iska, a makaranta a yi ta dukansa a kan lalaci. Sunan ciwon nakolefsi. Wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai riƙe mutum a farke, wanda aka gano a 1998, shi ne ya ƙare masa. Ana gwada shi da rana, a ba shi damar barci sau biyar, awa biyu tsakani. In barci yana ɗauke shi cikin minti 8 ko ƙasa, kuma yana faɗawa matakin mafarki nan take sau biyu, an kama shi. Da magani da ɗan barcin rana mai tsari, yaron nan zai gama karatunsa.

Shugaba ya ɗaga mini hannu. Bari in ɗauki tambaya biyu.

Hajiya tana tambaya a kan jikanta mai shekara biyar, yana minshari baki buɗe, an ce a kai shi wurin wanzami a cire beli. Hajiya, don Allah kada a kai shi. Yaro mai minshari kullum, yana gumi, yana fitsarin kwance, da rana kuma ba ya zama wuri ɗaya, yawanci wasu ƙululun nama ne biyu a gefen maƙogwaro da muke kira tansil, da wani a bayan hanci, suka kumbura. Cire beli ba ya taɓa su, sai dai ya jawo zubar jini da shigar cuta. Ki kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. In aikin ya kama, a asibiti ake cire su, kuma yawancin yara suna warwarewa. In mai sikila ne a gaggauta, don wannan matsala ta fi yawa a cikinsu, kuma faɗuwar oksijin da dare ba ta yi wa jininsu kyau.

Malam a can baya yana tambayar dannau. Malam, ka farka, kana gani kana ji, ka kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, wani lokaci har ka ga kamar mutum a bakin ƙofa, ko ba haka ba? Na ce muku a matakin mafarki jiki yakan saki gaba ɗaya, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci ƙwaƙwalwa tana riga jiki farkawa da 'yan sakanni ko minti ɗaya zuwa biyu. Numfashinka na tafiya duk da nauyin da kake ji. Ya fi zuwa ga wanda ya tara bashin barci, ko mai aikin dare, ko mai kwanciya a rigingine. Ka ci gaba da addu'o'inka na kwanciya, ka ƙara da cika awa bakwai da kwanciya a gefe. In ya zo, ka sa hankalinka kan motsa yatsa ɗaya, zai sake ka. In kuma yana zuwa kowane mako tare da barcin rana mai yawa, ka zo mu gan ka ranar asibitin ƙirji. Takardar tambayoyin nan takwas tana hannun malama a bakin ƙofa, kowa ya karɓi biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta wanda yake jin minsharinsa a gida.

Wassalamu alaikum warahmatullah.